Nonon da Goggo Ta Ce Mugu Ne

Da sunan Allah mai jinƙai na buɗe wannan magana, Shi ne masanin abin da ƙiraza suka ɓoye.

Matata ta haihu sau huɗu a gidanmu na Birni, nan cikin Damagaram, kuma shekaru da yawa ina zaton ba ta taɓa shayar da ɗa ya wuce kwana biyar ba. Ba ƙi ta yi ba. Hana ta aka yi, ina kuma cikin waɗanda suka hana ta.

Ni baduku ne kamar ubana. Ina ɗinka gafaka da kube da takalma, kuma da yake na yi allo har na sauke, na iya ajami, mutanen unguwa kan zo in yi musu rubutun sha ko in rubuta musu wasiƙa. A bangon wani tsohon littafi da na gada nake rubuta haihuwa da mutuwa na gidanmu. Layin farko gajere ne: namiji, ya zo Talata, ya koma Asabar. Ƙaton yaro ne, har ungozoma ta ce ba ta taɓa ɗaga jariri mai nauyinsa ba. Kwana biyu uwarsa tana naƙuda. Ya kama nono, amma ba da ƙarfi ba, ya tafi bai kai ranar suna ba.

Da ciki na biyu ya tsufa sai na aika ƙauyen Dakusa aka zo mini da Goggo, ƙanwar ubana, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Matata ba ta da uwa a raye, don haka Goggo ce za ta yi mata wankan jego. 'Yar gajeruwar tsohuwa ce, bakinta ja da goro, ba ta iya faɗin magana biyu ba tare da ta uku ta zama zolaya ba. Tana son matata so na gaskiya. Ina faɗin wannan tun yanzu don kada wani ya karanta ya zage ta a kabarinta.

Aka haifi mace, ita ma ƙatuwa. Washegari da hantsi ina zaure ina jiƙa fata, Goggo ta leƙo.

"Kai, mai dogon karatu, ajiye fatar nan. Je ka gindin katanga ka ɗauko mini tururuwa guda. Mai ƙoshin lafiya nake so, kada ka kawo mini gurguwa."

"Me za ki yi da ita, Goggo? Ko miyar maijego ce ta rasa nama?"

"Ubanka ne ya rasa nama. Wancan ya sha ya koma. Wannan ba za ta sa baki ba sai mun gwada."

Na san al'adar. Ana tatsar nonon maijego kaɗan, a jefa tururuwa ciki. In ta yi iyo ta fita, nono lafiyayye ne. In ta mutu, mugu ne, sai a raba shi da ɗa. A ƙauye cikin ƙoƙo ake tatsa ko ludayi. Ranar nan ludayin yana cikin kunu, ƙoƙon kuma an ɗebi toka da shi, sai Goggo ta miƙa hannu cikin jeren matata ta ɗauko ɗan kofin shayi na kwalba, irin ƙananan nan masu santsi. Ta fito da shi ƙofar ɗaki, nono rawaya-rawaya a gindinsa. Ni na kawo tururuwar a kan tsinke, ni na karkaɗe ta ciki.

Ta yi iyo ta kai gefe, ta ɗaga ƙafafunta na gaba, ta zame. Ta sāke, ta zame. Sau huɗu ko biyar. Daga nan ta yi ta juyi a tsakiya har ta daina motsi.

Daga cikin ɗaki matata ta ce, "Goggo, ta fita?"

Goggo ta juya da kofin. Ta zubar da nonon a bayan ɗaki, ta tura ƙasa da ƙafa ta rufe, ta shiga ta zauna a bakin gado. Na ji tana cewa, "Yi haƙuri, 'yata. Ba ke kika yi kanki ba."

A yinin nan aka ɗaure mata ƙirji da zane, aka ja aka ƙulle ta baya. Ni kuma na wanke allo na yi mata rubutu don nonon ya ƙafe da sauƙi. Na yi shi da kyakkyawan hannu, na wanke cikin ƙwarya, na miƙa mata, ta sha ta ce, "Allah Ya saka, Malam." Kwana uku tana zazzaɓi, ƙirjin ya kumbura ya yi tauri. In jaririyar ta yi kuka sai zanen ya jiƙe har ya ɗiga, ita kuwa ta juya fuska bango.

Allah Ya taimake mu, matar wana tana goyo a lokacin, gidansu kuma katanga ɗaya ce da namu. Ita ta karɓi yarinyar. Na samo akuya mai ɗa don cike gibi. Matar wan nawa abokiyar wasata ce, ba ta bar ni na huta ba. In ta zo mayar da yarinyar sai ta tsaya a zaure ta ce, "Mijina na biyu, ga 'yarka ta shanye ni tas. Kowace tsotsa takalmi ɗaya, ka fara yanka fata." Mu yi dariya. Matata ma takan yi dariya daga ciki, sannan ta karɓi 'yarta tana barci, ƙoshin nonon wata a cikinta.

Wankan jego kuwa bai ragu da komai ba. Safe da yamma ruwan zafi da ganye, kunun kanwa ƙwarya guda, naman kauri da yaji. Da yake birni ne, kunun har da sukari, cokali uku huɗu. Goggo takan ce, "Tunda ba ta ba ɗa ba, ta ci wa kanta." Kafin arba'in matata ta yi ƙiba, wuya ya yi gunduwa-gunduwa, mata suna shigowa suna cewa jego ya karɓe ta. Ƙibar nan ba ta sāke sauka ba sai da ciwo ya sauke ta.

Haihuwa ta uku, mace ce, ba wanda ya sāke neman tururuwa. An riga an yanke magana. Lokacin madarar gwangwani ta yawaita a kanti, muka haɗa da bibiro, kwalbar nan ta shayar da jariri, da akuya, yarinya ta rayu bayan ta sha fama da zawo. Kafin ta huɗu Goggo ta rasu, amma hukuncinta bai rasu ba. Ranar da aka haifi autanmu, namiji, ba wanda ya ce in yi rubutu. Ni da kaina na wanke allo, kamar yadda mutum ke tashi alwala in ya ji kira.

Yaron nan ya yi kyau fiye da yayyensa. Bai yi zawo ba, kumatunsa kamar an hura. Ni wawa ina ta yaba madarar gwangwani. Yana wata takwas ƙyanda ta shigo unguwarmu, ta shiga gida-gida, ta ɗauki yara da dama, ta haɗa da shi. Bayan kwana uku na zaman makoki matata ta naɗe kayansa ta ba da, ba ta ƙara ambatonsa ba. In wata ta kawo zancensa sai ta tashi ta duba tukunya. Na ɗauka haƙuri ne, har ina ba da misali da ita in na je gaisuwar mutuwa.

Shekaru suka tafi, 'yan matan suka girma suka yi aure. Sai ƙishirwa ta kama matata. A garin da ruwa ke da wuyar samu irin namu, mutum yana lura da randa. Tana shan moɗa bayan moɗa, tana yawan zagayawa, jiki yana zubewa, ga kiyashi suna taruwa inda ta yi fitsari. Babbar 'yarmu, wadda ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ita ta kai ta gidan likita. Lokotoro ya ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe a jikinta. Aka buɗe mata karne, ɗan littafin nan na marasa lafiya, aka hana ta fura mai sukari da shayi da yawan tuwo. Ta fara da ƙwayoyi, daga baya ta koma allura. Ido ya fara hazo. Sannan wata ƙaya ta soke ta a tafin ƙafa, ba ta ma ji ba, wurin ya zama gyambon da ya ƙi warkewa.

Wata safiya 'yarmu tana da aiki, sai ni na raka matata gidan likita. Aka shiga da ita wani ɗaki wankin ƙafa, ni kuma wata ma'aikaciya ta kira ni teburinta. Yarinya ce sabuwar zuwa, ba ta kai 'yata ta biyu ba, ta ce za ta sabunta karne don tsohon ya cika.

"Baba, haihuwarta nawa?"

"Huɗu. Biyu na raye."

"Manya take haifa ko ƙanana?"

"Manya ƙwarai. Har ana zuwa kallo."

Ta gyaɗa kai ta rubuta. "Wata nawa take shayarwa?"

"Ba ta shayarwa. Nononta mugu ne."

Ta ɗago ta dube ni. "Wane lokotoro ya faɗa?"

Na ba ta labarin tururuwa, ina ba ta kamar mai karanta hujja. Ta ajiye alƙalami.

"Baba, don Allah, ka taɓa jefa tururuwa cikin nonon akuyar da kuka ba yaran?"

"Ban taɓa ba."

"To ka gwada in ka koma."

Sai ta yi mini bayani a hankali, ba da raini ba. Ta ce macen da ke haifar manyan jarirai, sau da yawa sukari ne ke hau mata lokacin ciki ba a sani ba, in ta haihu ya kwanta, ya jira ta a gaba. Ta ce shi ma yaronmu na fari, wahalar haihuwa da wannan sun fi kusa da zama sanadinsa, ba nono ba. Ta ce shayarwa tana jan sukari da kitse daga jikin uwa, kuma macen da ta daɗe tana shayarwa ta fi samun kariya daga wannan ciwo, ko ya yi jinkirin zuwa.

Na ce, "Wato da ta shayar, da ba ta kamu ba?"

"Ban ce haka ba, Baba. Wannan Allah kaɗai Ya sani. Akwai wadda ta shayar da goma ta kamu. Amma garkuwa ce, ita kuma ba ta samu ta riƙe ba."

Aka fito da matata tana ɗingishi, ƙafa a naɗe da farin ƙyalle. Ta ce, "Malam, me kuke ƙullawa kai da 'yar mutane?" Yarinyar ta ce, "Inna, cewa na yi ya daina shan shayi a gabanki." Matata ta ce, "Faɗa masa dai, ni na gaji."

Bayan azahar na roƙi nonon akuya a maƙwabta na kai zaure, na sakaya ƙofa kamar ɓarawo. Na zuba kaɗan a kofin shayi, na jefa tururuwa. Ta kai gefe, ta zame, ta zame, ta mutu. Na ce wataƙila rarrauna ce, na kawo wata. Ita ma haka. Na zuba nonon nan dai cikin ƙoƙo, na jefa ta uku. Ta yi iyo, ta kama kaushin ƙoƙon, ta hau, ta tsaya a baki tana share ƙahonninta, ta sauka ta yi tafiyarta. Na wanke kofin na zuba ruwan randa zalla, wanda muke sha kullum. Tururuwa ta mutu a ciki.

Na zauna ina kallon kofin har aka kira la'asar. Na sauke Alƙur'ani, na karanta littattafai, mutane suna zuwa neman shawarata, amma cikin shekara talatin da wani abu ban taɓa tunanin in ɗauko tururuwa ta biyu ba.

Ban faɗa mata ba. Mako ya wuce, wani ya bi. Ina duban ta tana laluben carbinta a kan tabarma, in buɗe baki, in rufe. Me zan ce? In ce mata duk ɗaurin ƙirjin nan da zazzaɓin nan a banza ne? In ce wataƙila da ƙafar nan da idon nan duk suna da hannuna a ciki? Na je wa matar wana da maganar, ita ma ta tsufa, haƙoran zolayar sun zube. Ta saurara har na gama.

"Mijina na biyu," ta ce, "abin da ƙasa ta rufe, bar shi a rufe. Baiwar Allah nan ta haƙura tun tuni. Kana so ka sauke kayanka ne a kanta?"

Na ga gaskiyarta, na yi shiru wata guda cur.

Abin da ya buɗe bakina shi ne ƙaramar 'yarmu. Ta zo yini da tsohon ciki, na farinta. Ina gyaran igiyar shanya a tsakar gida na ji uwar tana ce mata, ƙasa-ƙasa, "In kin sauka, kada ki yi gaggawar ba shi. Ki sa a gwada tukuna. Abin nan ana gadonsa, kada ki gado ni."

Na saki igiyar. Na ce wa yarinyar ta shiga gidan baffanta ta gaishe su, ta tashi ta fita. Na jawo buzuna na zauna kusa da matata a inuwar ɗaki, abin da ban saba yi da rana ba.

"Lafiya, Malam?"

"Akwai maganar da na riƙe miki. Ki yafe mini riƙon, sannan ki yafe mini abin da ke cikinta."

Na faɗa mata duka, da abin da ma'aikaciyar ta ce, da kofi, da ƙoƙo, da ruwan randa. Ban rage nawa laifin ba. Tana saurare, idanunta da ba sa gani sosai suna kan katanga. Na yi zaton za ta yi maganar ciwonta. Ko kusa.

"Ruwan randa ma ta mutu?"

"Ta mutu."

"Ka rantse."

Ban saba rantsuwa ba, amma na rantse.

"To babu dafi a ciki? Ko kaɗan? Ko irin mai daɗewa kafin ya yi aiki?"

"Babu. Ba a taɓa samun dafi a ciki ba."

Sai ta dafa ƙasa da hannu biyu kamar wadda jiri ya ɗiba. Muryarta ta koma wata iri.

"Malam, na ba shi."

"Wa?"

"Autana. Rubutun da ka yi, ban sha ba, a gindin tulu na zuba. In ka fita zaure sai in kwance zanen in ba shi. Cewa na yi sau ɗaya kawai, in ji abin da mata ke ji. Ya kama, na kāsa cirewa. Madarar gwangwanin da kake yabo, rabinta akuya ke lashewa. Wata takwas ina ba shi. Da ya kwanta na ce shi ke nan, ya taru ya kashe shi."

"Ƙyanda ce! Yara nawa ta ɗauka a layin nan?"

"Nasu ba su sha abin da nawa ya sha ba. Haka nake ce wa kaina."

Ta yi kuka irin wanda ban ji ta yi ba ko ranar da aka fita da shi. Ni ma na yi. Shekara ashirin da 'yan kai muna kwana ɗaki ɗaya, tana ɗauke da kisan kai a zuciyarta, ni ina yawo ina yabon haƙurinta a gidajen mutane.

Da ta lafa sai ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "To wa zan yi wa fushi? Goggo? Matar da ke tashi tun asuba ta dafa mini ruwa?"

"Ki yi da ni."

"Kai kuma me ka sani? Kai da aka aika ɗauko tururuwa." Ta ɗan yi murmushi, ya ɓace. "Bayan kowace salla addu'ata ɗaya ce, Allah Ya yafe mini yaron nan. Yanzu in na sallame me zan ce?"

Da 'yarmu ta dawo, uwar ta kamo hannunta ta ce, "Abin da na faɗa miki ɗazu, zubar da shi. Yana faɗowa ki ba shi, tun na farkon nan mai rawaya. Ki ba shi har ya ture ki da kansa."

Ciwon bai sassauta ba don an faɗi gaskiya. Gyambon ya ci gaba, ƙafafu suka kumbura, lokotoro ya ce ƙoda ta gaji. Wata biyar ta ƙara a duniya, ta ga jikanta, ta rasu ranar wata Alhamis da hantsi. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan Goggo, Ya yafe mini. Har yau ban san ko da an bar ta ta shayar da 'ya'yanta da tana nan tare da ni ba, kuma na daina tambayar masu ilimin, don amsarsu ɗaya ce: wataƙila.

Amma a watannin nan biyar ta yi zancen autanta fiye da yadda ta yi zancen komai a zamanmu. Duk wadda ta shigo dubiya sai ta ji. Ta faɗa wa 'ya'yanta, ta faɗa wa matar wana, ta faɗa wa ma'aikaciyar likita ana tsakiyar wanke mata ƙafa. Ni kuwa na ji ya fi sau hamsin, ban gaji ba. Ashe na dama ya fi so, in ta ba shi na hagu sai ya yi ta gunaguni kamar tsoho. Ashe yana sha yana riƙe da ɗan kunnenta, har ya taɓa tsinka mata shi. In ta ji takuna daga zaure sai ta yi maza ta cire shi ta ja zane, shi kuwa ya dube ta ya yi dariya, nono yana gangarowa ta gefen bakinsa.